Nauyin Amo: Tarihin Wufa da Motocin da Ba Sa Son Kaya

A shekarar 1987 kamfanin Ferrari na Italiya ya fito da wata mota mai suna F40 domin bikin cikarsa shekara arba'in. Ita ce mota ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya amince da ita da kansa kafin rasuwarsa a 1988. Wanda ya leƙa cikinta zai tarar da wuri fayau kamar ɗakin baƙo: babu darduma a ƙasa, babu hannun buɗe ƙofa daga ciki sai wata igiya da ake ja, babu rediyo. A ganin maƙeranta, kiɗan da direba ke bukata shi ne rurin injin da ke bayansa, sauran kuwa kaya ne da za su rage mata gudu.

A daidai waɗannan shekaru, a Miami da sauran biranen kudancin Amurka, samari suna tuge kujerun bayan motocinsu suna jera akwatunan lasifika a gurbinsu, har sai bayan mota ya durƙusa don nauyi. Burinsu shi ne amon nan mai kauri da ake ji a ƙirji kafin kunne ya kama shi, wanda ke fitowa daga babbar lasifikar da masu sana'ar ke kira sabwufa, ko wufa a taƙaice.

Mutumin da ya mallaki mota mai gudu a yau, kuma yake son kiɗa, ya gaji waɗannan al'adu biyu masu gaba da juna. Tambayar da yake yi wa mai shago gajera ce: wace wufa ce marar nauyi? Amsarta kuwa ta ɗauki kusan shekara ɗari ana haɗa ta, kuma ta bi ta ɗakunan bincike a Amurka da Japan, da ramukan ma'adinai a Kwango da Sin. A tsawon wannan lokaci nauyin amo ya zauna a wurare uku, wato akwati da maganaɗisu da wutar lantarki, kuma duk ci gaban da aka samu bai wuce a ɗauke shi daga ɗayansu a aza wa wani ba.

Dalilin da ya sa tambari ya fi kalangu girma

Makaɗan fada sun daɗe da sanin abin da injiniyoyi suka zo suka rubuta da lissafi. Kalangu ana rataya shi a kafaɗa, muryarsa siririya ce mai kaifi. Tambari kuwa, wanda amonsa ke ratsa gari, sai da faffaɗar fata da babban ciki. Sauti iska ce da ake turawa ana janyewa. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan ɗaya, kuma aikin wufa yana can ƙasa, daga wajen 80 zuwa 20. Zangon sautin da ke kaɗawa sau 40 a sakan ya haura mita takwas, wato ya kusan ninka tsawon mota. Ƙa'idar da ke wahalar da kowa ita ce, duk lokacin da aka raba yawan kaɗawa biyu, sai an tura iska ninki huɗu kafin ƙarfin sautin ya tsaya yadda yake. Abin da ɗan ƙaramin faifai zai yi cikin sauƙi a kaɗawa 160, sai an ninka masa aiki sau goma sha shida kafin ya yi shi a kaɗawa 40.

Lasifikar da ake amfani da ita har gobe ta samo siffarta ne a 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka wallafa bayanin ƙirarsu: naɗin siririyar waya a tsakiyar maganaɗisu, an manna shi da faifan takarda. Idan wuta ta bi ta cikin naɗin sai ya motsa gaba da baya, faifan ya tura iska. Shekara biyar bayan haka, a 1930, kamfanin Paul Galvin na Chicago ya fara sayar da rediyon mota da sunan Motorola, a kan farashin da ya haura dala ɗari, kuɗin da ya kai kaso mai tsoka na farashin ƙaramar mota a lokacin. Daga nan har shekaru da dama, abin da aka fi sani a mota shi ne 'yar lasifika ɗaya a gaban direba, wadda ta isa a ji labarai da muryar mawaƙi. Amon ƙasa bai shiga lissafi ba, domin a gidaje ma sai da akwati mai girman firji ake samunsa.

Akwati da dokar Hofmann

Dole wufa ta zauna a cikin akwati. Idan faifai ya tura iska ta gaba, yana janye ta ne ta baya a lokaci guda, kuma in babu shamaki tsakaninsu sai biyun su haɗu su kashe juna. Wanda ya fara rage girman wannan akwati shi ne Edgar Villchur, wani malami a New York. A 1954 ya nuna cewa idan aka sassauta gefen faifai sosai, aka rufe akwatin ruf, iskar da ke ciki za ta zama kamar matashin da ke mayar da faifan mazauninsa. Shi da ɗalibinsa Henry Kloss suka kafa kamfanin Acoustic Research, kuma lasifikarsu ta farko, AR-1, ta ba mutane mamaki, ganin akwatin da za a iya ɗorawa a kan kanta yana fitar da amon da a da sai babban sunduƙi.

Sai dai an biya wannan ƙanƙanta da wani abu. Ƙaramin akwati yana shan wuta fiye da babba. Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957, shi ne ya fayyace cinikin, har masu sana'ar ke kiransa dokar ƙarfe ta Hofmann. Abubuwa uku ake so: amo mai zurfi, ƙaramin akwati, da tsimin wuta. Mutum zai iya samun biyu daga ciki, na ukun kuwa sai ya haƙura. Bahaushe ya ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan an yi sassauci an yarda da biyu, aka hana ta uku.

Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya mayar da wannan magana lissafi a wata maƙala ta 1961, sannan Richard Small, Ba'amurke da ke Jami'ar Sydney, ya faɗaɗa ta a farkon shekarun 1970. Daga aikinsu aka san farashin kowane zaɓi dalla-dalla. In aka raba girman akwati biyu ba tare da an rage zurfin amo ba, sai an ninka wutar da ake ba lasifikar. In kuwa ana so amon ya ƙara zurfi har yawan kaɗawarsa ya ragu da rabi, a kan wuta ɗaya, sai akwatin ya ninka sau takwas. Jerin alƙaluman da ake bugawa a takardar kowace wufa ta kirki a yau suna ɗauke da sunayen waɗannan mutane biyu, kuma da su ake sanin lita nawa akwatinta ke bukata tun kafin kafinta ya ɗauki zarto.

Wutar da batir ba ya iya bayarwa

Dokar Hofmann ta nuna hanyar shigar da amon ƙasa cikin mota: a ƙanƙanta akwati, a ƙara wuta. Matsalar ita ce batirin mota bolt 12 ne kacal. Da wannan ƙarfi, abin da rediyo zai iya tura wa lasifika bai wuce wat 20 ba. Sai a shekarun 1970 aka fara saka wa amfilifaya wata da'ira mai ɗaga ƙarfin wutar batir zuwa ninki biyu ko uku ko fiye. Jim Fosgate na jihar Arizona yana cikin na farko da suka ƙera amfilifaya domin mota, tun daga 1973, kuma sunansa na nan a kamfanin Rockford Fosgate. A 1980 Steve Irby na garin Stillwater a jihar Oklahoma ya fito da akwatin lasifika da aka yi musamman don a ajiye bayan kujerar ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya sa masa suna Kicker.

Kunnen jama'a ma ya canja a wannan tsakani. A 1974 fim ɗin Earthquake ya shiga sinimomi da manyan wufofin kamfanin Cerwin-Vega masu girgiza kujeru, mutane suka gane cewa sauti abu ne da jiki ke ji. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fito da na'urar kiɗa TR-808, wadda gangarta ke da amo mai zurfi da dogon jela, kuma a kanta aka gina kiɗan Miami da babban ɓangare na hip-hop. Kiɗan ya bukaci wufa, wufa ta samu kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980 an fara gasar ƙarfin sauti a mota, wadda daga baya ta kai ga ana ƙarfafa jikin motoci da ƙarfe da kankare don kada su tsage. A wannan duniya nauyi abin alfahari ne. Mai saye yakan ɗaga wufa da hannu biyu, in ta yi masa nauyi ya ce ta yi kyau.

Yaƙin Kolwezi da nauyin maganaɗisu

Wannan nauyi da ake alfahari da shi yana da asali a tsakiyar Afirka. Tun daga shekarun 1940, lasifikoki masu daraja suna amfani da maganaɗisun alniko, haɗin alminiyom da nikel da kobalt da ƙarfe, wanda ya samo tushe daga binciken Tokushichi Mishima na Japan a 1931. Alniko yana da ƙarfi, ɗan dunƙule kaɗan ya isa, kuma yana zama a tsakiyar naɗin waya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'in da aka fi amfani da shi kobalt ne, kuma mafi girman kaso na kobalt ɗin duniya yana fitowa ne daga lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango.

A watan Mayu na 1978 'yan tawaye masu sansani a Angola suka kama Kolwezi, birnin ma'adinai na lardin. Sojojin laima na Faransa da Beljiyam suka sauka, aka ƙwato birnin bayan an rasa ɗaruruwan rayuka, akasarinsu na 'yan ƙasa. Cikin 'yan watanni farashin kobalt ya ninka sau da yawa a kasuwannin duniya. Manyan masu ƙera lasifika, irin su JBL na Amurka, suka bar alniko suka koma wa ferayit.

Ferayit ba sabon abu ba ne. Yogoro Kato da Takeshi Takei sun gano shi a Tokyo a 1930, kamfanin Philips na Holan kuma ya samar da nau'insa mai riƙe maganaɗisu a farkon shekarun 1950, kuma lasifikoki masu araha sun daɗe da shi. Ana yin sa da tsatsar ƙarfe da sinadarin bariyom ko sitironiyom, a gasa kamar yadda ake gasa tukunya. Kayan haɗinsa suna ko'ina, babu yaƙin da zai tsayar da su. Aibinsa shi ne rauni: kafin ya yi aikin ɗan dunƙulen alniko sai an yi faffaɗan zobe mai kauri a wajen naɗin waya, an matse shi tsakanin manyan faranta na ƙarfe. Wannan baƙin zobe da ake gani a bayan wufa shi ne mafi yawan nauyinta. Ke nan a daidai lokacin da wufa ke shiga mota, maganaɗisun da ya rage a kasuwa shi ne mafi nauyi duka.

Sagawa da Croat

Tsadar kobalt ba masu lasifika kaɗai ta dama ba. Maganaɗisu mafi ƙarfi na wancan zamani, haɗin samariyom da kobalt, shi ma ya yi tsadar da ta hana a sa shi a kayan yau da kullum. Mutum biyu da ba su san aikin juna ba suka shiga neman madadinsa: Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan, da John Croat a ɗakin binciken General Motors, kamfanin motoci da ke son ƙananan injinan lantarki marasa nauyi. Kowannensu ya kai ga haɗi ɗaya, niyodimiyom da ƙarfe da boron, kuma suka bayyana sakamakonsu a taro ɗaya a birnin Pittsburgh a watan Nuwamba na 1983.

Idan aka gwada girma da girma, maganaɗisun niyodimiyom yana adana ƙarfi kimanin ninki goma na ferayit. Ya koma tsakiyar naɗin waya inda alniko yake a da, faranta suka ƙanƙance, bayan wufa ya siranta har ana iya cusa ta ƙarƙashin kujera. Wufar da ta kai kilo takwas da ferayit tana iya komawa rabin haka ko ƙasa.

Araha ba ta ado, ado kuma ba ya araha. Aibi na farko zafi ne. Nau'in niyodimiyom na gama-gari yakan fara rasa ƙarfinsa, rashin da ba ya dawowa, idan ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyas. Lasifika kuwa murhu ce a ɓoye: abin da take mayarwa sauti daga wutar da ake ba ta bai kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, sauran duk zafi ne. A ƙasashe masu rana, inda but ɗin motar da ta wuni a fili a watan Afrilu ya riga ya yi zafi tun kafin a kunna komai, wannan magana ce ta gaske. Ana magance ta da ƙara sinadarin disforosiyom, wanda ke sa maganaɗisu ya jure digiri 150 ko fiye, amma ya fi niyodimiyom tsada da ƙaranci. Shi ya sa wufa biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya na niyodimiyom, ɗaya ta shekara goma lafiya, ɗaya ta sanyaya murya bayan bazara guda.

Aibi na biyu irin na Kolwezi ne. Ma'adinan da ke ɗauke da niyodimiyom suna wurare da dama, har da yashin monazayit da haƙar kuza ta bari a tsaunukan Jos, amma tace su aiki ne mai wuya da ƙazanta, kuma ƙasar Sin ce ta riƙe shi, da babbar mahaƙarta ta Bayan Obo. General Motors ma ya sayar da reshensa na maganaɗisu, Magnequench, a 1995 ga wasu masu jari da suka haɗa da kamfanonin Sin. A 2010 Sin ta rage yawan abin da take fitarwa, a 2011 farashin niyodimiyom ya ninka sau da yawa, wasu masu ƙera lasifika suka koma wa ferayit kamar yadda magabatansu suka yi a 1978. A watan Afrilu na 2025 Sin ta sake sa takunkumin lasisi a kan fitar da wasu daga cikin waɗannan ma'adinai, ciki har da disforosiyom. Kusan kashi tara cikin goma na irin wannan maganaɗisu a can ake yin sa.

Masu aske nauyi

Ɗaya al'adar, ta masu ƙin kaya, tana da nata shehin. Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya gina sunansa a kan ra'ayin cewa ƙarin ƙarfin inji yana amfani ne a miƙaƙƙiyar hanya kawai, rage nauyi kuwa yana amfani a ko'ina: wajen tashi, wajen taka birki, wajen shan kwana, har da cin taya da shan mai. Motarsa Lotus Seven ta 1957 ba ta wuce rabin tan sosai ba. Porsche ya bi wannan hanya da 911 Carrera RS ta 1973, inda nau'in tsere ya fi na yawo sauƙi da kimanin kilo 100, bayan an siranta ƙarfe da gilashi, an cire kujerun baya da abin tare ƙara. A 2003 BMW ya yi wa M3 CSL rufi da zaren kabon mai tsada domin ya rage abin da bai kai kilo goma ba.

A gwada wannan da kayan kiɗa na gargajiya. Akwatin wufa mai inci 12, mai cin lita 30, wanda aka yi da katakon garin itace da kafintoci ke kira MDF mai kaurin milimita 19, yana kai wa kilo goma shi kaɗai. A ƙara wufar ferayit, da amfilifaya, da kakkauran wayoyin tagulla daga batir zuwa but, sai a tashi da kilo 20 zuwa 25. A motar da ke da kilo 1,100, wannan kashi biyu ne cikin ɗari, kuma ya shafe ribar rufin kabon sau biyu ko uku. Wurin da aka ajiye shi ma yana da tasiri: kaya a can ƙarshen but, bayan tayoyin baya, yana sa bayan mota ya yi nawar juyawa kuma ya yi wuyar tsayawa idan ya fara zamewa.

Wanda ya fara neman sulhu da gaske shi ne Gordon Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, da McLaren F1 ta 1992. Murray ya matsa wa nauyi har spanonin da ke cikin motar da ƙarfen titaniyom aka yi su, amma bai yarda a bar ta babu kiɗa ba. Sai ya ba kamfanin Kenwood aikin ƙera na'ura ta musamman, da sharaɗin ta sauka ƙasa sosai da nauyin da aka saba. Motar ta fito da kilo 1,138 da kiɗanta. Mazda, wanda injiniyoyinsa ke farautar nauyi giram-giram, ya sa ƙananan lasifikoki a matashin kan kujerar MX-5 tun 1989, bisa hujjar cewa sautin da ke kusa da kunne ba ya bukatar ƙarfi.

Abubuwa biyu suka kammala sulhun. Na farko shi ne amfilifaya mai aji D, wadda ke aiki ta hanyar kunna wuta da kashe ta sau dubbai ɗaruruwa a sakan. Tunanin tsoho ne, amma sai a ƙarshen shekarun 1990 ta yaɗu a motoci. Tsohuwar amfilifaya tana ɓarnatar da kusan rabin wutarta a zafi, don haka take bukatar babban jikin alminiyom mai sanyaya ta. Ta aji D tana isar da kusan kashi 90 cikin ɗari, sai jikinta ya koma kamar littafi. Da ita aka samu damar biyan bashin Hofmann da wuta mai sauƙin ɗauka. Na biyu shi ne jefar da akwati gaba ɗaya. BMW ya daɗe yana sa wufofi ƙarƙashin kujerun gaba, suna numfashi cikin ramin ƙarfen da ke bin gefen mota. A 2012 Mercedes ya fito da SL mai tsarin Frontbass, inda aka dasa wufofi a gaban ƙafafun direba da fasinja, kogon ginshiƙan jikin motar ya zama akwatinsu. Wurin dama yana nan, ƙarfen dama ana ɗauke da shi.

Abin da tarihin ya bar wa mai zaɓe

Darasi na farko shi ne a auna kayan gaba ɗaya. Tallace-tallace suna yawan yabon faifan zaren kabon, alhali faifai da naɗin waya tare ba su cika wuce giram 100 zuwa 250 ba, kuma wufar ƙaramin akwati da gangan ake nauyaya faifanta don amonta ya sauka. Kilogiram ɗin suna cikin maganaɗisu da katako. Wufa marar nauyi da ke bukatar akwatin lita 50 ta fi mai ɗan nauyi da ke zama a lita 15 wahalar da mota.

Na biyu, ɗakin mota yana ba da kyauta. Saboda zangon amon ƙasa ya fi ɗakin tsawo, daga wajen kaɗawa 70 ko 80 zuwa ƙasa iskar ciki takan matsu gaba ɗaya maimakon ta yi tafiya, sai amon ya ƙara ƙarfi yayin da yake ƙara zurfi. Wannan ƙari ya kusan daidaita da yadda rufaffen akwati ke rasa ƙarfi a ƙasa. Shi ya sa wufa ɗaya mai inci 8 ko 10 a rufaffen akwati ta isa ƙaramar mota mai kujera biyu, kuma akwati mai bututun iska, wanda ya fi girma da nauyi, bai cika zama dole ba. Mota mai buɗaɗɗen rufi tana rasa wannan kyauta da zarar an sauke rufin, don haka gara wufarta ta matso kusa da masu zama.

Na uku, faɗin faifai da nisan tafiyarsa su ne ke faɗin yawan iskar da za a tura. Faifan inci 12 yana da faɗin kimanin santimita murabba'i 500, na inci 8 kuwa bai kai rabin haka ba, don haka sai ya yi tafiya fiye da ninki biyu kafin ya kamo shi. Wannan alƙalami ya fi adadin wat da ake rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali gaskiya.

Na huɗu, katako yana da madadi. Filawud mai kyau ya fi MDF sauƙi da ƙarfi, akwatin faiba da aka zuba daidai da siffar gefen but ko ramin safaya ya fi su duka tsimin wuri, kuma ramin safaya yana ajiye nauyin a ƙasa inda ba ya cutar da mota sosai. Ko wanne aka zaɓa, sai an ɗaure shi da kusoshi a jikin ƙarfe. A karo mai tsanani nauyin kaya kan ninka sau ashirin ko fiye, akwatin kilo 15 da ke yawo a bayan kujera ya zama dutsen kilo 300 mai nufo wuyan direba. Masu zuwa filin tsere sukan sa mahaɗi mai saurin cirewa, su bar akwatin a gida ranar gudu.

Na ƙarshe, a tambayi jurewar zafin maganaɗisu kafin a biya kuɗin niyodimiyom. Inda bambancin bai wuce kilo biyu ko uku ba, kuma motar ta hawa ce ta kullum a gari mai zafi, ferayit ɗin da Kolwezi ta tilasta wa duniya yana nan da amfaninsa: ba ya tsoron rana, ba ya jiran lasisin wata ƙasa.

A 2020 Gordon Murray ya bayyana magajiyar McLaren F1, mai suna T.50. Nauyinta bai kai tan ɗaya ba, wato ta fi Ferrari F40 sauƙi da sama da kilo ɗari, kuma an sayar da ita da na'urar kiɗanta a ciki.